Ina Kasuwar Gonaki Ta Dosa Bayan Faɗuwar Farashin Hatsi?

Duk mai bibiyar cinikin gonaki a ƙasar Kano da Zazzau da kudancin Katsina da kewayen Abuja ya san cewa tun tsakiyar shekarar 2023 kuɗin gona ke hawa babu tsayawa, ya kuma san cewa a kakar 2025 kuɗin abin da gonar ke bayarwa ya faɗi warwas. Buhun masarar da ya doshi naira dubu 100 a wasu kasuwanni a tsakiyar 2024 ya dawo bai kai rabin haka ba a Giwa da Dandume da Saminaka, shanshera ma ta sauko, alhali buhun yuriya da na kamfa suna nan da tsadarsu. Manoma da yawa sun kwashe amfani mai albarka, suka zauna suka yi lissafi, suka tarar ko uwar kuɗinsu ba ta fito ba. Duk da haka, idan ka je wurin dillali ka taya gona, kuɗin bara zai faɗa maka, wani lokaci har da ƙari. Wannan tazara da ta buɗe tsakanin kuɗin gona da kuɗin amfaninta ita ce, a ganina, za ta juya kasuwar nan a shekara ɗaya ko biyu masu zuwa, kuma ita ya kamata mai saye da mai sayarwa su fara dubawa kafin su saurari kowa.

Tashin da aka gani yana da tushe biyu, kuma ɗaya ne kawai ya shafi noma. Na farkon ya faro tun watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, sannan ya ƙara ƙarfi da aka rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A waɗannan shekaru ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar birni suka shiga noman shinkafa da masara, injinan casa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, fadamun da a da ake bayarwa aro suka zama abin rububi. Na biyun kuwa tsoron riƙe naira ne. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake samu wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Mai kuɗi a banki yana kallon dukiyarsa tana zagwanyewa kowane wata, sai ya nemi abin da ba ya ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya ɗauka. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi gonaki a wannan tsakani ba su taɓa tambayar buhu nawa gonar ke bayarwa ba, domin ajiya suka je yi.

Dalilan nan biyu duk sun yi sanyi. Babban Banki ya janye daga raba bashin noma kai tsaye tun da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamarsa a 2023. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, kayan waje suka shigo suka haɗu da amfanin gida da hatsin da 'yan kasuwa suka tara a sito, farashi ya karye. Naira ta ɗan zauna wuri ɗaya a 2025, gaggawar rabuwa da ita ta ragu. Kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a Nuwambar 2024, saboda haka babu mai lissafin da zai ci bashin banki ya sayi gona, wanda kuma ke gudun kuɗin ruwa yana da takardun sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, waɗanda na 2025 suka ba da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara. Gonar da hayarta za ta ba mai ita kwatankwacin wannan ba ta da yawa.

Kada wannan ya sa wani ya zaci farashin gona zai karye yadda na masara ya karye. Hatsi yana da ƙwari da kuɗin sito da ke tura mai shi kasuwa ko bai shirya ba, gona kuwa babu abin da ke cin ta idan an bar ta, kuma a wurinmu sayar da gonar gado abu ne da mutum ke yi da nauyin zuciya, bayan ya rasa kowace mafita. Mai gona zai ce albarka, ya koma gida ya jira baɗi. Abin da ke fara sauka shi ne yawan cinikin da ake ƙullawa, sai kuma kuɗin haya, domin mai hayar gona manomi ne da ke lissafin taki da ƙwadago da abin da zai kwasa da kaka, ba ya biyan abin da ƙasar ba za ta mayar masa ba. Shi ya sa nake ɗaukar kuɗin haya a matsayin ma'aunin da ya fi gaskiya a kasuwar nan. A ɗauki misali kawai, a ce an yi wa gona kuɗi naira miliyan 10, amma babu manomi a ƙauyen da zai biya hayarta fiye da dubu 300 a shekara. Kashi 3 cikin 100 ke nan, kuma sai an shekara sama da 33 kafin haya ta mayar da abin da aka biya. Duk abin da ya haura abin da haya za ta iya ɗauka kuɗin tsammani ne: tsammanin gari zai iso, ko titi zai ratsa, ko wani zai zo ya saya da tsada. Tsammanin yana iya tabbata, amma wajibi ne mai saye ya san nawa ya biya don ƙasa, nawa kuma ya biya don tsammani.

Inda kuɗin tsammani ya fi yawa shi ne gonakin bakin gari. A farkon shekarun 1970, lokacin da masaniyar nan 'yar Ingila Polly Hill ta yi bincikenta a Ɗorayi, wurin karkara ce ta gidaje a warwatse cikin gonaki, yau kuwa Ɗorayi unguwa ce da birnin Kano ya haɗiye. Abin da ya faru da ita shi ne ke faruwa yanzu da sassan Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa, da Rigachikun da Maraban Jos a Kaduna, da Kuje da Gwagwalada, da hanyar Keffi daga Mararaba zuwa Masaka. A irin waɗannan wurare an daina kallon gona da idon noma. Hekta ɗaya murabba'in mita dubu 10 ce, idan aka yanka ta fuloti mai ƙafa 50 da 100 aka fitar da hanyoyi ana samun sama da 15, masu awon igiya kuwa, da suke matse layi su ƙanƙanta fuloti, suna fitar da fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ne a zuciyar mai saye, don haka faɗuwar masara ba ta dame shi ba. Muddin jama'a na ƙaruwa, birane na faɗaɗa, ina sa ran waɗannan gonaki za su ci gaba da tashi, sai dai a hankali fiye da yadda aka gani a 2023 da 2024, domin masu sayen fuloti da biyan kaɗan-kaɗan, wato ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, aljihunsu ya gaji.

Haɗarin da ke nan na doka ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mutum idan ana bukatar wurin don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin da ke tsaye da itatuwa da gini, ba ta duba miliyoyin da mutum ya ƙirga ranar ciniki. Saboda haka wanda ya ji labarin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, mai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ko bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, ko babban titin Sakkwato zuwa Badagry, ya ruga ya sayi gona a kan hanyar aikin, yana iya wayar gari ya ga gonarsa ta faɗa cikin awon gwamnati, a biya shi kuɗin 'yan itatuwa da dawar da ke tsaye. Wanda gonarsa ke gefen aikin shi ne ke cin moriya, kuma sau da yawa 'yan taku ne ke raba su biyun. Ba a sanin wannan a bakin dillali, sai an ɗauki lambobin awon gonar an kai ofishin filaye na jiha, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, an duba taswira.

Gonar da na fi amincewa da darajarta ita ce mai ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita ce ta mayar da Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam wuraren da ake noma sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara: shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da rani. Haka abin yake a ƙarƙashin Bakolori a Talatar Mafara, da Goronyo, da Dadin Kowa a Gombe, da kwarin Haɗejiya. Mai irin wannan gona, idan shinkafa ta ba shi kunya, yana da rani a gabansa, yana kuma da ikon sauya abin da zai shuka, shi ya sa hayarta ba ta rasa mai nema ko a shekarar da hatsi ya yi araha. Gyaran magudanai da aka yi da kuɗin Bankin Duniya a Kano da Haɗejiya da Bakolori ya dawo da ruwa wuraren da suka daɗe ba su gan shi ba. Wani abin da ya canza lissafi kuma shi ne famfon sola. Da litar fetur ta haura naira dubu ɗaya a ƙarshen 2024, injin ban ruwa ya koma cinye ribar noman rani, masu hali suka koma sola, sai duk fadamar da ruwanta ke kusa, inda ake buga 'yar rijiya a same shi ba da nisa ba, ta ƙara daraja ko da babu madatsa a kusa da ita.

Sai dai ruwan ma hawa-hawa ne. Gonar da ke bakin babban magudani daban take da wadda ke can wutsiyarsa, inda ruwa ba ya isa sai na sama sun ƙoshi, ko da yake dillali suna ɗaya zai kira su. A kwarin Haɗejiya ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki masu yawa. Ambaliyar 2022 ta shafe amfani a sassa da dama na Jigawa, ɓallewar madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri a Satumbar 2024 kuma ta nuna cewa zama ƙarƙashin madatsa yana da nasa haɗarin. Mai sayen fadama ya ga gonar a watan Agusta ko Satumba lokacin da ruwa ya cika, ya sake ganinta a Afrilu lokacin da ya janye, ya kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2022.

Gonakin tudu na yankin masara, daga Funtuwa da Bakori zuwa Giwa da Soba da Lere, su ne faɗuwar hatsi ta fi taɓawa, domin damina ɗaya suke da ita, masara kuma ba ta yi sai da taki mai yawa. A nan nake tsammanin haya za ta sauka, manoman birni da suka shigo don riba za su ja da baya, kuma za a ga gonaki a kasuwa da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bashin takin bara yana nan, ga hidimar sabuwar damina ta taso. Wanda ke da kuɗi a hannu, noma yake nufi da gaske, yana kuma iya jure shekara biyu marasa riba, wannan lokacinsa ne, domin farashin hatsi juyawa yake yi: idan manoma suka rage shuka masara saboda asarar da suka yi, ƙarancin da zai biyo baya shi zai sake ɗaga ta. Amma ya duba ƙasar da idonsa. Gonar da aka shekara goma ana hayarta, kowane mai haya ya zuba yuriya ya kwashe ya tafi, babu mai kai mata takin gida, ta gaji ko ba a faɗa ba, ƙudujin da ke fitowa a gindin dawa da masara kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Fako da marmara ba sa zama laka don an biya su da tsada.

Rashin tsaro ya ƙara raba ƙasar noma gida biyu. A sassan Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, irin su Faskari da Sabuwa da Batsari, da kuma Birnin Gwari, akwai ƙasa mai kyau ƙwarai da ake sallamawa da araha, domin mai ita ba ya iya zuwa, ko kuwa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar dabbobi, manoma sun koma wasu gonakin, akwai kuma masu kuɗin da ke ganin dama ce su saya kafin kowa ya farga. Ba zan ba kowa wannan shawara ba. An sha yin irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina yana warwarewa, sannan akwai abin da ya fi lissafi nauyi a wurina: mai sayarwar sau da yawa ɗan gudun hijira ne da ke neman abin da zai ciyar da iyali, kuma gonar da aka karɓa a hannunsa da kuɗin da kowa ya san ba kuɗinta ba ne, rigima ce da za ta jira 'ya'yan mai saye ranar da mutanen gari suka dawo.

Gidan gona kuwa kasuwarsa daban take, domin masu shi ba cin abinci ya kai su ba. Manyan ma'aikatan da suka yi ritaya da 'yan siyasa da attajirai ne ke sayen fili a bakin hanyar Kano zuwa Zariya, ko Kaduna zuwa Abuja, ko bayan Keffi, su kewaye shi da katanga, su dasa mangwaro da gwaiba da lemo, su haƙa tafkin kifi, su ajiye shanu da dawaki, su gina ɗakunan da iyali za su huta a ƙarshen mako. Sha'awa ce mai kyau, kuma itatuwan da suke dasawa alheri ne ga ƙasar da kullum ke rasa inuwa. Amma satar mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda ta kai ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022, ta sa da yawa sun daina kwana a gonakinsu, wasu ma sun daina zuwa. Gidan gonar da mai shi ba ya leƙawa kullum ci yake yi: albashin mai gadi, abincin kaji da na kifi, gyaran rijiyar burtsatse, ga amfanin da ke fita ta ƙofar baya. Ranar sayarwa kuma mai saye kuɗin ƙasa da ruwa da itatuwan da suka fara 'ya'ya yake biya, ba ya mayar wa kowa kuɗin tayil da fentin da ya zaɓa don jin daɗin kansa. Waɗanda ke kusa da birni, a bakin kwalta, da jama'a kewaye da su, za su riƙe darajarsu, galibi don mai saye ya san wata rana fuloti za su zama. Na nesa za su daɗe a hannun dillalai, kuma yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa ina sa ran wasu masu neman kuɗin takara za su ƙara fito da nasu, wanda zai ba mai saye ƙarfin tayi.

Ko wace iri ce gonar, ina ganin tazarar kuɗi tsakanin mai takarda da marar takarda za ta ci gaba da faɗi. A karkara ciniki yakan ƙare ne a gaban mai unguwa da dagaci, a rubuta takarda da shaidu, a kai wa hakimi ya sa hatimi. Wannan shaida ce mai ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai tsallake ta, amma a idon doka ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a wajen birni, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna, gonar da ke da satifiket na jiha kuma ba ta sauya hannu sai gwamna ya amince. A Abuja ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar basarake ko ta ƙaramar hukuma ba ta tsayawa a gaban motar rushewa. Kamfanoni da bankuna da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, waɗanda su ne ke iya biyan kuɗi mai tsoka, ba sa kusantar gonar da ba a yi mata awo da rajista ba.

Abin da ya fi cika kotuna, duk da haka, gadon da ba a raba ba ne. Babban wa ya sayar, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba a tambaye su ba, bayan shekara biyar su tashi neman haƙƙinsu, kuma suna da gaskiya. A mazhabar Malikiyya wanda ke tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar wa baƙo kuɗinsa ya karɓi kason da ɗan'uwansa ya sayar. Mai sayen da ke zaune a birni kuma ya sani cewa kotunan shari'a suna aiki da hukuncin hauzi: wanda ba dangi ba, idan ya shekara goma yana noma gona a matsayin tasa, mai ita yana gani bai yi magana ba, da'awar mai ita tana raunana. Maganin wannan shi ne duk aro ko haya a rubuta shi da shaidu. A kuma tabbata gonar ba ta ci burtali ko mashaya ba, a kira mai awo ya auna maimakon a yarda da kimantawar ido, a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka tun ranar farko.

Ga manomin da asarar kakar 2025 ta sa yake tunanin sayarwa, roƙona gare shi ya fara lissafa ko bashin da ke kansa ya kai a rabu da gona dominsa. Hayar shekara biyu da aka karɓi kuɗinta gaba ɗaya, ko sayar da ɓangare ɗaya a bar saura, sau da yawa suna isa su fitar da shi. Jingina tana da sauƙin shiga, amma malamai da yawa suna ƙin ta idan mai ba da bashi zai riƙa cin amfanin gonar, kuma jingina da yawa a ƙarshe sayarwa take zama da kuɗin da bai kai ba. Idan sayarwar ta zama dole, ya guji bazara lokacin da kowa ke sayarwa, ya tara magada su sa hannu tun kafin mai saye ya nema, ya ji tayin dillali fiye da ɗaya, a yanke la'ada tun farko, kada kuma ya karɓi kafin alƙalami ba tare da an rubuta ranar cika kuɗi ba. Wanda gari ya iso gonarsa, tunda ya san fuloti za a yanka, ya nemi a bar masa wasu daga cikin fulotan a cikin cinikin, kuɗin da ya karɓa kuma ya riga ya ga gonar da zai saya da su a gaba kafin ya sallama tasa, domin maƙwabtansa da suka sayar a can za su nufa, kuɗin gonakin wurin kuma zai tashi da isarsu.